Haɗaɗɗen yashi da tsakuwa: ina ya dace a zuba shi, ina ne bai dace ba?

Tambaya: Ina gina gida mai ɗaki uku da falo, da niyyar in Allah Ya hore nan gaba in ɗora bene. Wani direban tifa ya ce zai riƙa kawo mini yashin kogi da ya zo haɗe da tsakuwarsa, kuma kuɗinsa bai kai na sayen yashi daban da dutse daban ba. Birkilana ya ce ba matsala, da shi za a yi komai tun daga fandisho har dekin, buhun siminti ɗaya kwanon gini 12. In karɓa ko in bari?

Amsa: Malam, Allah Ya sa a kammala lafiya, Ya sa a shiga a sa'a. Maganar birkilanka rabinta gaskiya ce, rabinta kuskure, kuma rabin da ya kuskure shi ne mai haɗari. Haɗaɗɗen yashi da tsakuwa kayan gini ne, ana kankare da shi, ni ma na sha amfani da shi. Sai dai wurinsa shi ne kankaren da ke kwance, wanda ƙasa ce ke ɗauke da shi: shimfiɗar ƙarƙashin fandisho, daɓen ɗakuna da na tsakar gida, gindin katanga, mazaunin turken ƙyaure. Duk abin da zai rataya bisa kawunan mutane ko zai ɗauki nauyin bene, wato fila da bim da dekin, ban yarda a zuba shi da kayan da babu wanda ya san yawan yashin da ke cikinsa ba. Lissafin kwano 12 ɗin nan ma ba daidai ba ne, zan nuna maka inda ya karkace.

A Ingila wannan haɗin sananne ne, balas suke ce masa, a manyan buhuna ake sayar da shi, kuma da shi mutane ke zuba fandishon katanga da daɓen gareji. Amma nasu ba kogi ne ya haɗa shi ba. Wanke shi ake yi, a tankaɗe, a ware kowane girma daban, sannan a sake haɗawa da awo. Tsohon ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 882, wanda yawancin injiniyoyinmu suka yi karatu a kansa, ya ce haɗin da babbar tsakuwarsa ke da milimita 20, abin da zai wuce ta rariya mai ido milimita 5 ya kasance tsakanin kashi 35 zuwa 55 cikin 100 na nauyinsa. Wato yashin kada ya gaza kusan sulusi, kada kuma ya zarce rabi da yawa. Namu kuwa ruwa ne ya yi awon. Inda ruwan damina ya bi da gudu sai ya kwashe yashi ya bar tsakuwa, inda ya lafa a kwana sai ya jibge rairayi da taɓo. Ko daga Challawa aka ɗebo, ko daga Wudil, ko daga gulbin Maraɗi, tifar safe da ta yamma na iya bambanta kamar ba daga kogi ɗaya suka fito ba, don masu lodi sun matsa gaba da taku ashirin kawai. Direban ba lallai yaudararka yake yi ba, shi kansa bai san abin da ya ɗauko ba.

Dalilin da ya sa wannan rabon ke damunmu shi ne yadda kankare yake a cikinsa. Ka cika bokiti da tsakuwa zalla har baki, sannan ka zuba ruwa. Za ka ga ya shanye ruwa sama da sulusin bokitin, don tsakanin duwatsun duk sarari ne. Aikin yashi ya cike wannan sararin. Aikin siminti da ruwa kuma su cike ɗan sararin da ya rage tsakanin ƙwayoyin yashi, su shafe jikin kowace ƙwaya da kowane dutse, su manne su. Siminti shi ne mai tsada, saboda haka gwanintar haɗi ita ce a samu manya da matsakaita da ƙanana su shige cikin juna har sararin da za a bar wa siminti ya zama kaɗan. Tun 1907 wani injiniya a Amurka mai suna Fuller da abokin aikinsa Thompson suka fitar da lissafin wannan jerin girma, kuma har yau a kansa ake tafiya.

To idan yashi ya yi yawa fa? Ɗauki dutse ɗaya mai faɗin milimita 20 ta kowane gefe, ka daddatsa shi zuwa ƙwayoyi masu milimita 1. Nauyinsa bai canza ba, amma jikin da siminti zai shafe ya ninka sau 20. Ke nan buhun da zai wadaci haɗi mai tsakuwa ba zai wadaci haɗi mai yashi ba. Kwaɓin zai yi tauri, ya ƙi juyuwa a shebur, lebura ya gaji, sai ka ji an ce a ƙaro ruwa. A nan kankaren yake mutuwa. Tun 1918 wani mai bincike a Amurka, Duff Abrams, ya nuna cewa ƙarfin kankare yana bin yawan ruwa a kan yawan siminti: ruwa na ƙaruwa, ƙarfi na raguwa. Ruwan da ya wuce buƙatar siminti ba ya zama dutse, bushewa yake yi ya bar ƙananan ƙofofi, ta nan laima da iska ke bi su kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga kankaren daga ciki. Idan kuma yashin ne ya yi kaɗan, kwaɓin zai yi garas-garas, ya ƙi haɗuwa, ranar da aka cire katako ka ga jikin fila kamar saƙar zuma. Daga abin da na gani a wajenmu, matsalar farko ce ta fi yawa. Mafi yawan abin da ake kira haɗaɗɗe yashi ne da aka yi wa barbaɗen tsakuwa.

Yanzu ga lissafin birkilanka. Na san inda ya samo 12. Buhun siminti mai kilo 50 kusan lita 35 ne, wato kwano 2. Haɗin da aka saba na kankare mai rodi shi ne 1:2:4, ma'ana buhu ɗaya, yashi kwano 4, dutse kwano 8. Sai ya haɗa 4 da 8 ya samu 12. A takarda haka ne, a baro ba haka ba ne. Idan ka juye kwano 4 na yashi cikin kwano 8 na dutse ka gauraya, ka sake aunawa, ba za ka samu 12 ba, abin da za ka samu bai wuce 9 zuwa 10 ba, don yawancin yashin ya shige cikin sararin dutsen. Shi haɗaɗɗen da direba zai kawo maka ya riga ya shige cikin juna tun a kogi. Saboda haka abin da ya yi daidai da 1:2:4 shi ne buhu ɗaya a kan kwano 9 zuwa 10 na haɗaɗɗe. Wanda ya zuba 12 ya shimfiɗa buhun a kan kayan da suka ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar zuwa sulusi, yana ganin ya yi 1:2:4 alhali ya yi rabin hanyar gangarawa 1:3:6. Haka nan 1:3:6 na kankare marar rodi, wanda ke cin yashi kwano 6 da dutse kwano 12, madadinsa shi ne kwano 14 zuwa 15, ba 18 ba. Wannan kuskuren na sha ganinsa a wurin maginan da suka daɗe a sana'a kuma ba su da niyyar cutar kowa. Idan kana son ya gamsu, kada ka yi musu da shi, ka sa a gwada a gabansa da kwanonsa. Gani ya kori ji.

Kafin ka biya kuɗin tifa goma, ka sa a kawo ɗaya. Akwai gwajin da za ka yi da kanka a wurin, ba sai da ɗakin bincike ba.

Na farko, kuma wanda ya fi muhimmanci, tankaɗe. Ka sa kafinta ya buga maka firam ya manna ragar ƙarfe mai ido kusan milimita 5. Ka ɗebi kayan daga wurare da yawa, sama da tsakiya da gindin tsibin, ka zura shebur ciki sosai, kada ka yafuci na fuska kawai. Ka gauraya, ka baza a rana ya bushe, ka auna kilo 10 da sikeli ko na mai sayar da hatsi ne, ka tankaɗe. Abin da ya zube ƙasa shi ne yashinka. Idan ya faɗo tsakanin kilo 3 da rabi zuwa 5 da rabi, haɗin ya shiga layi, kuma wanda ya fi kwanta mini shi ne kusa da kilo 4. Idan ka ga kilo 7, to yashi ka saya. Sannan ka dubi abin da ya rage a kan ragar. Ana son a ga girma iri-iri, daga kamar ƙwayar wake zuwa kamar ƙwallon dabino. Idan ƙananan tsakuwa ne zalla kamar masara, ko kuma manyan duwatsu kamar dunƙulen hannu ba matsakaita, haɗin na da giɓi. Manyan dole a tsince su ko a tace su da raga mai ido milimita 20 zuwa 25, don ƙa'idar ita ce dutse mafi girma kada ya wuce rubu'in kaurin abin da za a zuba. Daɓe mai kaurin santimita 10 ba ya son dutsen da ya wuce milimita 25.

Na biyu, gwajin kwalba, don gano taɓo. Ka samu kwalba mai haske mai miƙaƙƙen jiki, ka zuba yashin da ya wuce ragar har ya kai tsayin santimita 10, ka ƙara ruwa ya haura kansa sosai, ka saka ɗan gishiri kamar rabin ƙaramin cokali, ka girgiza da ƙarfi na minti ɗaya, ka ajiye kada a taɓa har awa 3. Yashi zai zauna nan take, taɓo kuma ya sauko a hankali ya kwanta a samansa, za ka ga layinsa a fili, mai laushi, launinsa daban. Ka ɗora rula. Idan kaurin wannan layin ya wuce milimita 8 a kan yashi mai santimita 10, wato kashi 8 cikin 100, kayan na buƙatar wanki. Gaskiya kuwa wanke tifa guda da hannu ba ƙaramin aiki ba ne, ga cin ruwa, gara a mayar masa da abinsa.

Zan ɗan tsaya a kan taɓon nan, don shi mutane suka fi rainawa. An taɓa kirana in duba wani gida da aka zuba wa dekin da irin wannan haɗin. Mai gidan ya sa siminti yadda ya kamata, bai yi ƙwauro ba, yana tsaye aka buɗe kowane buhu. Bayan sati uku aka cire katako, sai ya ga gari na zubowa daga ƙasan dekin. Da na hau tsani na kankari wurin da ƙusa, yashi ya riƙa zuba a hannun rigata. Na sa yatsa biyu na kama wata tsakuwa da ta leƙo, na ɗan murɗa, ta fito salin-alin. Gurbin da ta bari sumul yake kamar cikin ɓawon ƙwai, da wani jan shafe siriri a jikinsa. Simintin bai taɓa jikin dutsen ba ko kaɗan, taɓon da ya lulluɓe dutsen ya kama. Dekin ɗin nan sai da aka fasa shi, aka yi asarar siminti da katako da kuɗin aiki, rodin ma da ƙyar aka ceci wani. Har yau ina tuna yadda mutumin nan ya zauna a kan bulo ya yi shiru yana kallon ginin. Da an yi gwajin kwalba na awa 3 da ba a kai ga haka ba.

Na uku, ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi, waɗanda ke hana siminti kamawa da wuri kuma su rage masa ƙarfi. Ka narka sodar da ake sabulu da ita, giram 30 cikin lita ɗaya ta ruwa, ka zuba a kan yashin cikin kwalba, ka girgiza, ka bar shi ya kwana ya wuni. Idan ruwan ya fito fari ko ɗan rawaya mai haske, lafiya. Idan ya yi duhu kamar baƙin shayi, ka guje shi. Ka kiyaye hannunka da idonka, sodar tana ƙuna, kuma ka ɗauke kwalbar daga inda yara za su kai. Na huɗu gajere ne: ka ɗauki tsakuwa goma ka buga da guduma. Ta ƙwarai tsagewa take yi da ƙara, ta banza murmushewa take yi. Wani lokaci abin da ake kawowa da sunan tsakuwa burji ne aka haƙo daga rami, mai jikin marmara, mai shan ruwa. Wannan na cikon fandisho da hanya ne.

Akwai wata magana da nake yawan ji, wai tsakuwar kogi ba ta da ƙarfi don tana da santsi, sai fasasshen dutse. Wannan an zuzuta shi. Gaskiya ne fasasshen dutse ya fi kama siminti saboda kaifin gefensa, amma tsakuwar kogi mai tauri mai tsabta tana juyuwa da sauƙi, ba ta neman ruwa da yawa, kuma tana ba da kankaren da ya ishi gida irin naka. Laifin haɗaɗɗe ba siffar tsakuwarsa ba ce, rashin sanin rabonsa ne da dattin da ke tare da shi.

Idan tankaɗe ya nuna yashi ya yi yawa, ana iya gyarawa da ƙarin dutse, amma ka yi lissafi tukuna. A ce cikin kilo 100 yashi 70 ne, tsakuwa 30, kai kuma kana son yashin ya koma kashi 40. Sai ka ƙara dutse kilo 75. Wato kusan duk kwano 4 na haɗaɗɗe sai ka bi shi da kwano 3 na dutsen da ka saya daban. Ka ga dutsen da ka guje wa saye ka dawo ka saye shi, ga kuɗin leburan tankaɗe. A nan ne za ka gane ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. A garin da wurin fasa dutse ke kusa, sau da yawa ba ta biya. A inda dutse ke da nisa kuwa, irin yankin Tafkin Chadi da sai an yi doguwar tafiya kafin a ga dutsen fasawa, lissafin na iya juyawa, kuma a can ne na fi ganin amfanin wannan kayan.

A ce kayan sun ci gwaji, saura yadda za a yi aiki da su. Ka tsaya ka kalli tifa tana juyewa. Manyan duwatsu gangarawa suke yi su taru a gindin tsibin ta gefe-gefe, yashi ya tsaya a tsakiya da sama. Tun a hanya ma girgizar mota ta fara raba su. Lebura kuma daga gindi yake fara ɗiba don ya fi sauƙi, saboda haka kwaɓin safe zai fito dutse zalla, na la'asar yashi zalla, duk daga tifa ɗaya. Maganinsa a juye kayan a wuri mai tauri mai tsabta, ba a kan jar ƙasa ba, a baje tsibin ya yi faɗi maimakon tsini, a riƙa ɗiba daga sama zuwa ƙasa a yanka ɗaya, ko a juya shi da shebur kafin a fara. Tafin ƙarshe da ya taɓa ƙasa a bar shi, kada a kankaro da turɓaya.

Awo kuma kada a yi shi da shebur, kada a yi da baro mai tozo, don baron wani ba na wani ba ne, kuma tozon safe ba ya kai na yamma. Abin da na fi so shi ne akwatin awo: kafinta ya buga shi, cikinsa santimita 25 da 35 da 40, wanda ya ba da lita 35, daidai buhu ɗaya. A cika a shafe bakinsa da katako. Akwati 5 a buhu don wuri mai buƙatar ƙarfi kamar daɓen da mota za ta taka, akwati 7 don shimfiɗar fandisho da daɓen ɗaki. Don ka san abin da za ka saya, ɗaki mai mita 4 da 4 da aka yi wa daɓe mai kaurin santimita 10 zai ci kusan buhu 7 da haɗaɗɗe kusan mita kubik 2. Idan aka ce maka an gama irin wannan ɗakin da buhu 4, ka san ko dai kaurin bai kai ba ko simintin bai isa ba.

Ruwa shi ne abin da za ka fi sa wa ido. Buhu ɗaya lita 25 ne gaba ɗaya, wato jarka guda, idan kayan a bushe suke. Haɗaɗɗe daga kogi kuwa da ruwansa yake zuwa. Akwati 5 na da nauyin kusan kilo 300, idan laimar da ke jikinsu ta kai kashi 3 cikin 100 kawai, lita 9 ke nan sun riga sun shiga kwaɓin kafin a taɓa jarka. Saboda haka a fara da sulusi biyu na jarkar, a juya, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kwaɓi mai kyau idan ka ɗebo shi a shebur yana zama a tsibe, yana ƙyalli, idan ka bubbuga shi da bayan shebur sai ya kwanta ya yi sumul, ruwa ba ya gudu daga gefensa. Wanda ke malala kamar kunu ya lalace. Ruwan da za a sa ya zama wanda za ka iya sha, ban da na zartsi da na kududdufi. Idan da hannu za a kwaɓa, a yi a kan daɓe ko faranti na ƙarfe, a juya shi a bushe sau uku har launin ya zama ɗaya kafin ruwa ya shiga, a kuma ƙara siminti kashi ɗaya cikin goma, don hannu ba ya kai injin kwaɓa. Daga sa ruwa zuwa zubawa kada a wuce minti 30 zuwa 45, kuma wanda ya fara sandarewa kada a farfaɗo da shi da ruwa. Wasu na ganin tunda sun sayi siminti mai lambar ƙarfi 42.5 maimakon 32.5 za su iya sakin jiki. Ko na Obajana ne, ko na Kalambaina, ko na Ashaka, ko na Malbaza, babu simintin da ke manne dutsen da taɓo ya rufe, babu kuma wanda ke jure ruwa fiye da kima.

Mu koma kan benen da kake niyya, don shi ya canza amsar. Gidan da za a ɗora wa bene, tun daga ƙasa ake shirya shi. Gindin kowace fila na da tabarmar rodi, kuma wannan kankaren, duk da a ƙasa yake, nauyin benen gaba ɗaya a kansa zai sauka. Saboda haka ban sa shi cikin abin da haɗaɗɗe zai yi ba. Siririyar shimfiɗar da ake fara zubawa a ramin don rodi kada ya taɓa ƙasa, ita za a iya yi da shi. Abin da ke samanta, a sayi yashi mai kaushi daban, dutse mai milimita 20 daban, a auna kowanne. A fila da bim rodi a cunkushe yake, ga zobba, ga tazarar da ake bari tsakanin rodi da katako wadda ba ta wuce santimita 2 da rabi zuwa 4 ba. Dutse ɗaya da ya fi wannan tazara girma ya isa ya maƙale ya tare hanya, ƙasansa ya zama rami, kuma ba za ka gani ba sai an cire katako, wani ma filasta ce za ta rufe shi ba a gani ba. Linta ta ƙofa ko taga ƙarama ce, amma rodi gare ta kuma mutane ke bi ta ƙarƙashinta, kuma kayan da take ci ba su da yawan da za a yi tsimi a kansu. Girman rodi da faɗin gindin fila kuwa ba aikin birkila ba ne komai ƙwarewarsa, ka nemi injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba ƙasar ya zana maka, tun kafin a haƙa.

Idan kana inda dutse ya gagara kuma wannan kogin ne kawai abin da ke akwai, hanya ɗaya na sani. A tankaɗe kayan gaba ɗaya su zama tsibi biyu, yashi gefe, tsakuwa gefe, a cire manyan, a wanke idan da taɓo, sannan a auna 1:2:4 ko abin da injiniya ya rubuta, kamar an saye su daban. Kafin ranar zuba dekin a kwaɓa gwaji, a cika 'yan akwatunan ƙarfe masu santimita 15 ta kowane gefe, a kai sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa, irin na Zariya ko Kano ko Kaduna, su matse su a inji bayan kwana 7 da bayan kwana 28. Sakamakon kwana 7 yakan kai kusan sulusi biyu na ƙarfin kwana 28, saboda haka tun a sati ɗaya za ka fara gane inda aka dosa. Kuɗin wannan gwajin bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta shi da kuɗin dekin.

Bayan zubawa, ko da wane kaya aka yi, a ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Kankare ba bushewa ce ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, idan ruwan ya tsere da wuri aikin ya tsaya. Haɗin da yashinsa ya ɗan yi yawa ya fi saurin tsagewa, musamman da hunturu lokacin da busasshiyar iska ke kaɗawa, da kuma zafin bazara. A irin wannan lokaci a zuba da sassafe ko da yamma, da zarar fuskar ta yi taurin da yatsa ba ya lotsa ta a rufe da leda ko jiƙaƙƙun buhuna. Daɓe kuma a kewaye gefensa da ɗan tudun yashi a tara ruwa a kai ya kwanta. Yayyafin safe sau ɗaya da ke bushewa kafin hantsi bai isa ba.

Shi direban ka ce masa ya kawo tifa ɗaya tukuna, idan ta ci gwaji sauran su fito daga wuri guda, kuma kowace ta iso ka ɗebi kilo 10 ka tankaɗe ka sa kwalba kafin ka biya.